Yadda wani Bature ya mayar da ni zauren Kawu a Gwandu

Muna aji biyu a wata makaranta nan Birnin Kebbi aka sa mana kwas ɗin falsafa da mantiƙi, irin kwas ɗin nan na dole da kowa ke zuwa don kawai ya sa hannu a takarda. Lakcara ya raba mana sunaye kowane rukuni ya je ya yi bincike ya zo ya yi bayani gaban aji, mu sai aka ba mu William Lane Craig. Ina jin an ce ai malamin Kirista ne mai kare addininsu sai na ce shi kenan aiki ya zo da sauƙi, na sa data na shiga Facebook da YouTube na kwaso duk wani raddi da aka taɓa yi masa, shafi huɗu cur, ko layi ɗaya na abin da shi kansa ya rubuta ban karanta ba.

A rukuninmu akwai wani yaro ɗan Zuru, Kirista, mai sanyin hali. Muna zaune gindin dalbejiya ina ta zuba, ya bari sai da na gama sannan ya ce, "Malam, to mi ya ce ne shi ɗin? Faɗa min hujjar tasa tukuna kamin ka rushe ta." Wallahi bakina ya mutu. Na shirya gatari ban san inda iccen yake ba.

Daren nan kunya ta sa na zauna na karanta. An haifi mutumin a 1949 a jihar Illinois ta Amurka, ya je Ingila ya yi digirin dakta a falsafa a Jami'ar Birmingham ƙarƙashin John Hick ya gama a 1977, daga baya ya ƙara wani a ilimin tauhidin Kirista a Munich ta Jamus. Abin da ya fitar da sunansa littafin da ya buga ne a 1979, kuma abin da ya fara tsayar da ni shi ne kalmar Kalam da na gani ɓaro-ɓaro a sunan littafin. Kalam dai tamu ta ilmul kalam, wato ilmin tauhidin Musulunci da ake kafa wa hujja da hankali. Hujjar gaɓa uku ce: duk abin da ya fara samuwa akwai abin da ya samar da shi, duniya ta fara samuwa, saboda haka akwai wanda ya samar da ita. Kuma bai ɓoye inda ya samo ba, ya ce wajen su Al-Kindi da Imam Ghazali wanda ya rasu a 1111.

Na ajiye waya na yi tagumi, don ni wannan karatun na san shi. Muna yara a Gwandu Kawu yana biya wa almajirai littafin tauhidin nan Ummul Barahin a zaure bayan sallar asuba, muna maimaitawa muna gyangyaɗi, duniya fararriya ce, duk fararre kuma yana bukatar wanda ya fare shi. Na haddace kamar aku, ban taɓa tambayar ta yaya aka san fararriya ce ba, sai ga wani Ba'amurke ne zai koya min.

Misalin da ya fi kama ni na Ghazali ne. Tauraron Mushtari (Jupiter) yana gama zagayensa cikin shekara 12, Zuhal (Saturn) kuma shekara 30. In da duniya ba ta da farko, to kowannensu ya yi zagaye mara iyaka, alhali kuma lissafi ya nuna yawan zagayen Mushtari ya ninka na Zuhal sau biyu da rabi. To ya za a yi abu biyu su zama duk ba su da iyaka amma ɗaya ya fi ɗaya yawa? Craig ya ɗauki irin wannan ya haɗa da lissafin zamani, ya ƙara da binciken masana taurari cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, wanda ke nuna yana da mafari, wajen shekara biliyan 13.8 a ƙiyasinsu. Da wannan yake shiga muhawara da marasa yarda da Allah, kamar wadda ya yi da Christopher Hitchens a 2009.

Ban gama murnar cewa ai kayanmu ne ya ara ba sai na ci karo da wani abin. Ashe su ma malaman kalam ɗin sun amfana da wani Kirista ɗan Iskandariya na ƙarni na 6, John Philoponus, wanda Larabawa ke kira Yahya an-Nahwi. Wato hujjar ta fito hannun Kirista ta zo hannun Musulmi ta sake komawa hannun Kirista. Na so in share wannan daga bayaninmu, gaskiya, ɗan Zuru ya ce a'a Malam, in za a faɗi a faɗi duka.

Kada wani ya ce na zama almajirinsa. Mutumin ya yi imani da Triniti da gicciye Annabi Isa, ya ma yi muhawara da malaman Musulmi irin su Shabir Ally, kuma a nan hanya ta raba mu. Ita hujjar ma iyakarta ta kai ka ga cewa akwai Mafari, ba ta faɗa maka yadda za ka bauta masa ba, kuma akwai masana falsafa da har yau suke jayayya da gaɓoɓinta. Amma yanzu in zan ƙi maganar mutum sai na iya maimaita ta yadda shi da kansa zai ce e, haka nake nufi. Yaran da nake koyarwa a sakandare sun gaji da jin wannan daga bakina duk ranar da muke gwajin muhawara.

Da aka yi hutu na je gaida Kawu na kwashe labari na ba shi, har da na Yahya an-Nahwi. Yana jan carbi bai ko ɗago ba ya ce, "Kai ɗana, wanga ai karatun yara na, sai da Nasara ya hwaɗa maka kaj ji?" Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in na dawo in zo da yaron nan na Zuru yana son ganin shi, ya tura a kawo min fura.