Yadda na samu katakon ɗora ƙananan dawakina a Maradi

Ina gina ƙananan dawaki na yumɓu, irin na hawan salla, tsayinsu bai wuce santimita 9 ba. Kowane doki yana son ɗan katakon da zai tsaya a kai: tsawo santimita 8, faɗi 5, kauri 2. Neman wannan ɗan abu ya fi ginin dokin ba ni wahala.

Da farko wajen masu sayar da katako na nufa. Can falanki sukutum ake sayarwa, mai mita uku ko huɗu, akasari wanda ake shigowa da shi daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa. Na sayi farin katako saboda araha, irin wanda kafintoci ke ce wa samba. Ba shi da nauyi, farce ma yana shiga jikinsa, ga ƙwaro yana son shi. Bayan wata biyu sai na ga gari kamar na tuwo a ƙarƙashin guda uku. Ƙwaron tun daga kasuwa yake ciki.

Abin da ya fisshe ni shi ne guntayen kafinta. Duk mai yin gado ko ƙofa yana da tulin ragowa a bayan rumfa, kuma sau da yawa sun daɗe a ajiye, sun bushe sarai. Sai in ce: "Maigida, a bar ni in tona tulin nan, jan katako nake so." Maɗaci nake fara nema, don launinsa ja ne mai kyau kuma yana karɓar goga. Iroko ma yana yi, gara ba ta cika damunsa ba, sai dai yana ƙara duhu in ya kwana biyu. Ƙirya da kanya suna da nauyin da ke hana doki kifewa, amma taurinsu yana dakushe zarto, kafinta ba ya murna da su. Gawo kuwa ba na taɓa shi, itace ne da doka ta kare, kuma bai ma dace da aikin ba.

Wajen zaɓe, bakin guntun nake dubawa, ba bayansa ba. In na ga zobban itacen sun zagaye ɗigo a tsakiya, zuciyar itace ke nan, na ajiye shi. Irin wannan ne ke tsagewa da zarar hunturu ya kama. Haka na yi asarar guda bakwai a watan Janairu, bayan na gama shafa musu mai. Ina kuma duba ƙananan ramuka kamar na allura, ko ɗaya na gani na haƙura.

Bushewa ita ce babbar magana. Katakon da aka saya da damina yana iya yin kama da busasshe alhali da ruwa a ciki. Nakan ɗora shi a kan sikelin kicin duk mako in rubuta nauyin. Sai ya yi mako uku bai ragu ba sannan a yanka. A inuwa ake ajiye shi, da ƴan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, a ɗiga narkakken kyandir a baki biyun. Rana kai tsaye tsaga shi take yi.

Kada a sayi guntaye dabam dabam in ana son su yi kai ɗaya. A nemi dogo guda, a sa mai inji ya goge shi zuwa kauri 2 da faɗi 5, sannan a yanka a zama ɗaya. Kowane yanka yana cin kusan milimita 3, kuma baki biyun sai an zubar, don haka mita ɗaya guda 11 take ba ni masu kyau. Ka tsaya a kan mai injin, ka auna na farko kafin ya ci gaba.

Saura gida: samfefa lamba 80, sai 120, sai 220, ana bin jijiyar katakon. Ramin wayar da za ta riƙe ƙafar doki, milimita 2, kafin shafa mai nake huda shi, don in an huda daga baya bakin ramin yana ɓarewa.