Naka a Kan Dandamali, Kai a Bayan Labule

Aikina a makarantar koyon rawa da ke kusa da mu shi ne kula da kayan sawa. Ni ke awon yara, ni ke rage riga ko ƙara mata, in yi guga, in rubuta abin da ya fita daga ɗakin ajiya da abin da ya dawo. Yawancin shekara aikin ba shi da nauyi. Amma da zarar Malama, shugabar makarantar, ta kafe takardar rabon matsayi na wasan ƙarshen shekara, keken ɗinkina ba ya samun hutu sai an tashi daga wasa a watan Disamba.

Wasan kuwa kusan kullum guda ne, rawar bale ɗin nan mai suna Nutcracker (bale rawar Turawa ce da ake ba da labari da motsin jiki da kiɗa, ba da baki ba), wadda Tchaikovsky ya tsara wa kiɗa, aka fara nuna ta a gidan wasa na Mariinsky da ke St. Petersburg a Disambar 1892. Labarin ba wuyar bi. An ba wata yarinya kyautar sojan katako a daren Kirsimeti, tsakar dare ɓeraye suka kawo hari, sojan ya rikiɗa ya zama yarima, ya tafi da ita ƙasar kayan zaƙi. A Rasha ba a yi wani ɗokinta ba da farko. Amurka ce ta mai da ita abin kowace shekara, bayan ƙungiyar bale ta San Francisco ta nuna ta cikakkiya a 1944, sannan George Balanchine ya shirya tasa a New York a 1954 da yara birjik a ciki. Ƙananan makarantu irin tamu sun riƙe ta ne saboda tana da gurbin kowa. Ɗan shekara shida zai yi ɓera, ɗan shekara goma ya yi soja, 'yan mata manya su yi dusar ƙanƙara da furanni, kuma duk yaron da ya hau dandamali zai jawo iyaye da kakanni su sayi tikiti, da kuɗin ake biyan hayar zaure.

Bana gidana ya shiga wasan da ƙarfi. 'Yata ƙarama tana cikin ɓeraye. 'Yar yayana, wadda ta kai matakin tsayuwa a kan yatsu, tana cikin masu rawar dusar ƙanƙara. Maigidana kuma, wanda bai taɓa ɗaga ƙafa da sunan rawa ba, Malama ta kama shi a bakin ƙofa wata rana ya zo ɗaukarmu, ta ce tana neman iyaye maza da za su yi baƙi a liyafar da ke buɗe wasan. Kunya ta hana shi cewa a'a.

A nan na fara gane cewa mai riƙe da mabuɗin ɗakin kaya yana riƙe da iko, ko da ƙarami ne. Kayan wasa ba sa zuwa daidai wa daida. A cikin kawunan ɓeraye da muke da su akwai sababbi masu raga a baki, yaro yana shan iska yana kuma ganin gabansa, akwai tsofaffi masu nauyi da zafi. A cikin rigunan dusar ƙanƙara akwai masu ƙyalli, akwai waɗanda gumin shekaru ya dusashe. Kowace uwa ta san wannan, kuma kowace uwa ta san cewa ni ma uwa ce a wannan wasa. Ba wadda ta ce mini komai. Ido dai suke bina da shi idan na buɗe akwati, ido kuwa ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Abin da ya fitar da ni shi ne littafin awo. Matar da ta riƙe aikin kafin ni ta bar mini shi, kuma da farko na ɗauke shi wahalar banza: kowane yaro da shafinsa, kewayen kai, ƙirji, ƙugu, tsayi daga wuya zuwa ƙugu, kowace riga kuma da lambarta da iyakar awon da za ta ɗauka. Sai bana na ga amfaninsa. Na zauna na haɗa lamba da lamba ba tare da duba suna ba, sannan na kafe takardar a bango inda kowa zai gani. Kan 'yata ƙarami ne, sai ta faɗa a kan ɗaya daga cikin tsofaffin kawunan, domin su ne ƙanana.

Ta same ni a ɗakin kaya idonta ya ciko. Ta ce, "Mama, ai ke kike rabawa. Ki canja mini mana."

Na ce, "Zo ki duba awonki, ki duba awon sabon. Idan na ba ki shi zai rufe miki ido a tsakiyar yaƙi."

Gaskiya na faɗa mata, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba, domin da na so da na cusa soso a ciki ya zauna mata daram. Duk maɗinkiya ta san wannan dabara. Abin da na yi shi ne na kwashe tsofaffin kawunan gaba ɗaya na tafi da su gida, na farke bakin kowanne, na sa masa sabuwar raga, na rage masa ciko. Nata ya gyaru, na sauran yaran da suka samu tsofaffi ma ya gyaru. Tun daga nan na sa wa kaina doka: duk abin da zan yi wa tawa, in dai ba zan iya yi wa duk wanda ke layinta ba, to ba zan yi ba. Dokar tana cin lokaci, tana kuma cin barci. Amma ta sa ina iya kallon kowace uwa ido cikin ido.

Su kansu rigunan an yi su ne a kan wannan tunani. Rigar bale ta gaske ba a cika sa mata zif ba, ƙugiyoyi ake jera mata a baya, layi biyu ko uku, don siririya ta ɗaura a layin ciki, mai ɗan jiki ta ɗaura a na waje. Muna da rukuni biyu na 'yan wasa, na rana da na dare, kuma riga guda suke sawa. Ba a yanke yadi idan za a rage tsayi, naɗewa ake yi a kama da babban ɗinki mai sauƙin farkewa, saboda baɗi wata ce za ta sa. Siket ɗin nan mai tsayawa a miƙe kamar faranti, wanda ake haɗawa da raga hawa-hawa, ba a jefa shi a injin wanki, kuma a kife ake rataye shi ko a kwantar da shi don kada ya sunkuya. Wanda ya yi shekara yana wannan aiki zai daina cewa "rigar wance", sai dai "rigar fure ta huɗu".

Maigida kuma nasa darasin daban. Na ɗauka manya za su fi yara sauƙin koyarwa, ashe ba haka ba ne. Yaro idan ya yi kuskure dariya yake yi ya sake. Babba kuwa yana taku yana tunanin wa ke kallonsa. A ƙarshen liyafar akwai rawar da ake kira ta kaka, tsohon kiɗan Jamusawa ne Tchaikovsky ya ɗauko ya saka, yana farawa a hankali sai kwatsam ya ɗauki sauri. A daidai wannan gaɓa maigida yake ɓacewa kullum. Malama tana tafa hannu tana ƙirge, shi yana kallon ƙafafunsa kamar aro ya yi su. Wadda ta cece shi ita ce 'yarsa. Da dare a falo za ta tsaya gabansa ta ce, "Baba, daina kallon ƙasa, ka saurari kiɗan. A'a, ba yanzu ba. Yanzu!" Shi kuma ya bi. Ban sa baki ba ko sau ɗaya, domin na lura gyaran da zai karɓa daga bakinta da murmushi, daga bakina zai zama magana. A wurin aiki ma haka na yi. Idan kwat ɗinsa ya karkace sai in tura mataimakiyata ta gyara masa.

Ranar wasa ba na ganin wasa. Mutane suna mamaki idan na faɗi haka. Ina tsaye ne a gefen dandamali cikin duhu, da ƙaramar fitila a goshi, allura mai zare a maƙale a ƙirji, almakashi a aljihu. Wuri mafi tsanani shi ne tsakanin liyafa da yaƙi, lokacin da bishiyar Kirsimeti take girma a gaban 'yan kallo. A cikin 'yan mintocin nan wasu yaran da suka yi baƙi dole su tuɓe kayan biki su zama sojoji. Tun kafin a buɗe labule muke jera wa kowa kayansa a kan kujera, abin da zai fara sawa a sama, abin da zai sa a ƙarshe a ƙasa, ƙugiyoyi a buɗe. Ba a gudu, ba a ɗaga murya. Kiɗa ba ya jiran kowa, don haka duk abin da za a iya yankewa da rana ba a barinsa sai dare. A cikin wannan hargitsi 'yata ta wuce ta gabana da kan ɓera, ban gane ta ba sai da ta taɓa mini hannu, ni kuma ina ɗaure wa wani yaro ɗamara. Daga baya a bidiyo na ga yadda ta yi.

Dusar ƙanƙarar da ke zubowa a ƙarshen kashi na farko yankakkiyar takarda ce, kuma tana da santsi. Shi ya sa 'yan matan suke taka garin ƙaro kafin su fita, masu shara kuma suna tsaye da tsintsiya suna jiran a ja labule.

Akwai wuri guda da na yi magana saboda tawa, kuma har yanzu ina ganin daidai na yi. Al'adar bale ita ce doguwar safa da takalmi masu ruwan hoda mai haske, don ƙafa ta fito miƙaƙƙiya daga cinya har yatsa ba tare da launi ya yanke ta ba. Wannan lissafi an yi shi ne da farar fata. A jikin 'yar yayana, hannu da wuya da fuska launinsu daban, ƙafa daban, sai ka ce an haɗa mutum biyu. Ta daɗe da sanin haka, ba ta dai taɓa faɗa wa Malama ba. Ni ta samu wata rana tana ɗinke wa takalminta igiya, domin kowace mai rawa da hannunta take ɗinke nata. Ta ce, "Gwaggo, kin san manyan 'yan rawa baƙaƙe da fankeke suke shafe takalminsu?"

Haka ne kuwa. Shekara da shekaru suna zama da soso suna shafa wa takalmi hodar fuska, takalmin da aka yi bakinsa da yadi da takarda da gam, wanda danshi ke saurin kashewa. Ƙungiyar baƙaƙen 'yan rawa ta Amurka mai suna Dance Theatre of Harlem, wadda Arthur Mitchell ya kafa a 1969, ta koma sa wa 'yan rawanta safa da takalmi kalar fatarsu tun a shekarun 1970. Amma sai a 2018 kamfanin Freed da ke Landan, tare da ƙungiyar Ballet Black, ya fara sayar da takalman a launin ƙasa-ƙasa. Ke nan abin da yarinyar take so ba sabon abu ba ne, makarantarmu ce ba ta waiwaye shi ba.

Na yi ta juya maganar kafin in kai wa Malama, saboda dokar da na sa wa kaina. Da na auna sai na ga ba ta karya ta ba. Neman sabon kan ɓera alfarma ce, idan na ba tawa wani zai rasa. Wannan kuwa ba wanda zai rasa komai, kuma ba ita kaɗai ba ce, akwai wasu yara masu duhun fata a ajin ƙanana da iyayensu ba su san ana iya tambaya ba. Zama da ɗan uwa a cikin wasa yana sa ka ji abin da ba a faɗa wa ma'aikaci. Abin da ya rage shi ne ka kai shi teburin shugaba da sunan kowa, ba da sunan gidanku ba.

Malama ta saurare ni har na gama. Damuwarta ita ce rawar dusar ƙanƙara, inda ake so 'yan mata su fito iri ɗaya sak, kuma tana tsoron ƙafafu masu launi daban-daban za su raba hankalin mai kallo. Damuwa ce ta gaske, ban raina ta ba. Na roƙe ta mu gwada a ranar babban gwaji, da fitilu a kunne, ta zauna a kujerar baya ta gani da idonta. Ta zauna, ta sa aka maimaita rawar, ta ce a bar shi haka a wasan dare, a na rana kuma a ci gaba da tsohon tsari tunda an riga an sayi safa. A takardar kayan da za a raba wa iyaye a watan Janairu ta sa an ƙara layi guda: kowace yarinya za ta iya zaɓar ruwan hoda ko kalar fatarta, a sanar da ni kafin a yi oda.