Ranar da na ƙi buga hatimi a kwata

A shekarata ta farko da samun rajistar Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, wadda dokar 1969 ta ba ta ikon yi wa likitoci rajista da ladabtar da su, an tura ni duba nama a kwatar wani gari. Aikin yana farawa ne bayan sallar asuba, kuma ƙa'idarsa ita ce a duba dabba sau biyu, wato da ranta kafin a yanka, sannan bayan an feɗe ta, kafin a buga mata hatimin da ke nuna cewa naman ya dace mutane su ci.

Tun makon farko mahauta suka soma aiko mini da ƙunshin nama kowace safiya, na kuma riƙa karɓa, domin na ɗauka ihsani ne irin wanda ake yi wa baƙo, kuma ina jin nauyin mayar da hannun kyauta baya.

Wata safiya aka kayar da wani bijimi na wani dattijon mahauci, wanda ƙunshinsa ya fi na kowa girma. Da na tsaga kaluluwar da ke tsakanin huhu, sai na ji wuƙar tana ƙarar yashi, ciki kuwa cike yake da wani abu rawaya-rawaya mai kama da cuku. Na duba bangon haƙarƙari na ga ƙuraje jere kamar tsakiya, na same su a hanta, na kuma same su a kaluluwar cinya. Wannan tarin fuka ne na shanu, kuma ƙwayar da ke kawo shi tana kama mutum, musamman ta hanyar ɗanyar madara da kuma hannun mai fiɗa idan yana da rauni. Da a huhu kaɗai ya tsaya, da an cire wurin an bar saura, amma idan ya bazu haka, hukuncin shi ne a hana naman gaba ɗaya.

Dattijon ya ja ni gefe ya ce, "Likita, ka dubi Allah, bashi na ɗauko shi a kara, kuma ranar kasuwa dillali zai zo." Na ce, "Baba, wallahi ina jin abin da kake ji, amma wannan naman gidajen mutane zai shiga." Sai ya dube ni ya ce ai shi da ni an zama ɗaya. Bai ambaci ƙunshin nama ba, kuma ba ya bukatar ya ambata, domin ni kaina na san cewa abin da na ci ne ya sa muryata take rawa. Na ƙi buga hatimin, muka kira Sarkin Fawa ya gani da idonsa, aka zuba wa naman magani aka binne shi cikin rami mai zurfi.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo ne daga baya, lokacin da yaron dattijon ya gaya mini cewa bijimin ya kwana yana tari a turke. Ni kuwa a yammacin da ya gabaci ranar yankan ban je duba dabbobin da ransu ba, saboda na ɗauke shi aiki maras muhimmanci. Da na je, mai yiwuwa da na ga ramarsa na ji tarinsa, na dakatar da yankan, dattijon ya samu bakin magana da dillali tun dabbar tana tsaye. Hukuncina daidai ne, amma sakacina yana da kaso a cikin asararsa, kuma na je har gidansa na faɗa masa haka.

Daga ranar na roƙi Sarkin Fawa ya sanar da mahauta cewa zan riƙa sayen namana da kuɗina kamar kowa, na kuma mayar da zagayen yamma wajibi a kaina, ina rubuta kowace dabba da abin da na gani a jikinta. Dattijon ya yi kusan wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Wata Laraba da la'asar sai ga yaronsa ya zo, ya ce Baba yana kara, yana son in duba masa wata saniya kafin ya biya kuɗinta.