Uzurin Tsuntsaye da Uzurin Yara

Mantiƙut Tair, waƙar da Fariduddini Attar ya rubuta a Naisabur, can arewa maso gabashin Iran, wajen shekarar 1177, ba don yara aka yi ta ba. Mantiƙut Tair baitoci ne kusan 4,500 da Farisanci, kuma mai ita yana magana ne da manya masu neman Allah ta hanyar sufanci. Sunanta ma daga Alƙur'ani ya samo shi, aya ta 16 a Suratun Namli, inda Annabi Sulaimanu yake cewa an sanar da su maganar tsuntsaye. Amma duk wanda ya taɓa aikin wasan kwaikwayo da matasa, da ya ji labarin zai gane abin da ya ja hankalinmu. Tsuntsayen duniya ne suka taru suna neman sarki. Alhudahuda ya ce akwai shi, sunansa Simurg, yana bayan Dutsen Ƙaf, sai an ƙetare kwaruruka bakwai kafin a kai fadarsa. Ga taro, ga tafiya, ga gurbi ga kowa.

Shirin namu na wasan kwaikwayo ne a dogon hutu, na 'yan shekara 12 zuwa 18, kuma ƙa'idarsa ita ce ba a tantancewa, wanda ya zo ya shiga. A cikin yaran akwai kurame, akwai makauniya, akwai masu keken guragu, akwai mai in'ina, akwai waɗanda hayaniya ko haske mai ƙarfi ke rikita su. Sauran ba su da wata lalura da ido ke gani, sai dai kunya da ƙiriniya irin ta shekarunsu. Ni aikina shi ne mayar da waƙar rubutun wasa da kuma jagorantar gwaji.

Wurin da ya fi daɗin wasa a waƙar shi ne wurin da ya fi haɗari a gare mu. Da alhudahuda ya ce a tashi, sai tsuntsaye suka fara kawo uzuri ɗaya bayan ɗaya. Bulbul mai zaƙin murya ya ce ba zai iya rabuwa da furen wardi ba. Aku ya ce shi ruwan rayuwa kawai yake nema. Ɗawisu burinsa ya koma Aljannar da aka fitar da shi. Agwagwa ta ce ita tsarkinta a ruwa yake, me za ta je yi a tudu? Shaho yana taƙama da zama a hannun sarki, mujiya kuma tana gadin dukiyar da ke binne a kufai. Kowa alhudahuda ya ba shi amsa, kuma amsoshin ba su da taushi ko kaɗan. Sai ga wata 'yar ƙaramar tsuntsuwa tana karkarwa, ta ce ita ba ta da ƙarfi, ba ta da fiffiken wannan tafiya. Ita ma bai raga mata ba, ya ce wannan tawali'un ƙarya ne.

To, ka ɗora wannan a dandamali, ka ba yarinya mai keken guragu matsayin ƙaramar tsuntsuwar nan saboda "ya dace da ita", ka sa wani lafiyayyen saurayi ya tsaya a kanta yana cewa rauninta ƙarya ne. Me 'yan kallo za su ji? Za su ji cewa nakasa uzuri ce, wanda ya dage zai tashi. Attar bai faɗi haka ba. Shi yana magana ne a kan abin da zuciya ta maƙale masa har ya hana ta tafiya, ba a kan ƙafa ko ido ba. Mai fassara maganar hannu da muke aiki tare ita ta fara jan hankalinmu kan wannan tun muna zaman raba matsayi, kuma daga nan tsarin aikin gaba ɗaya ya sauya.

Abin da muka yi shi ne raba abu biyu da mutane suka saba cakuɗawa, wato uzuri da shinge. Matakala uku da ke gaban dandamali shinge ne, kuma namu ne, ba na yaron ba, don haka kafinta ya yi gangaren katako kafin ranar farko. Rubutun wasa da makauniya ba za ta iya karantawa ba shinge ne, sai aka naɗa mata shi da murya a waya, aka kuma manna igiya a ƙasa ƙarƙashin tef don ta riƙa jin iyakar fili da tafin ƙafarta. Kurame ba sa jin kiɗan da ke nuna lokacin shiga, sai muka haɗa kowane bugu da sauyin fitila. Yaron da hayaniya ke damu an ware masa ɗaki mai shiru, ya fita duk sanda ya so ba sai ya nemi izini ba. Duk waɗannan ba alfarma ba ce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, a sashe na 30, ta ambaci haƙƙinsu na shiga harkokin al'adu, har da damar nuna basirarsu, ba zaman kallo kawai ba.

Bayan an kawar da shinge kuwa, abin da ya rage uzuri ne, kuma a nan kowa daidai yake. Wannan ɓangaren ya fi wuya, don tausayi yana da saurin shiga tsakani. Yaro ya zo bai haddace layinsa ba, in lafiyayye ne ka yi masa faɗa, in gurgu ne sai ka ji bakinka yana shirin cewa "ba komai". Yaran suna lura da wannan sarai, kuma ba sa jin daɗinsa. Wata rana ɗaya daga cikin masu taimaka mana ta yafe wa wani yaro makara, sai ya dube ta ya ce, "Anti, barci na yi, ba kekena ne ya lalace ba." Dariya aka yi, amma maganar ta zauna. Rage wa yaro nauyi saboda tausayi wata hanya ce ta gaya masa ba a sa ran komai daga gare shi.

A rabon matsayi mun juya abin da ido ya saba. Ƙaramar tsuntsuwa mai kukan rauni mun ba wa saurayin da ya fi kowa tsawo da ƙwanji, sai uzurin ya fito a matsayin abin dariyar da yake. Shaho mai taƙama yarinyar keken ce, kuma ba a taɓa shaho mai tsinin baki irinta ba, ga shi tana yanko fili da gudun da babu mai ƙafar da zai kamo ta. Alhudahuda kuwa mutum biyu ne a lokaci guda, kurma yana yi da hannu, wata yarinya tana yi da murya, kuma mun tsara yadda hannun ne ke fara magana, murya ta biyo baya. Ƙaramin abu ne, amma ya sa 'yan kallo suka gane wane ne jagora, wace ce mai rakiya.

Mai in'ina shi ya zaɓi bulbul da kansa. Yawancin masu in'ina ba ta kama su idan suna rera waƙa, shi ma haka yake, don haka muka ɗauka zai so a mayar masa da layukansa duka waƙa. Ya ƙi. Ya ce rabi zai rera, rabi zai faɗa, kuma kada kowa ya ƙarasa masa kalma in ya tsaya. Dokar ta zama ta kowa: in ya maƙale, a jira. Na ga yara kusan ashirin, waɗanda ba sa iya minti ɗaya ba su motsa ba, sun yi tsit suna jiran kalma ɗaya ta fito, leɓensa yana rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, har ta fito. Babu darasin haƙurin da na taɓa tsarawa da ya kai wannan aiki.

Mun kuma tambayi kowane yaro, a keɓe, mene ne nasa furen wardin, wato abin da yake fakewa da shi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: wani ya ce waya, wata ta ce tsoron a yi mata dariya, wani ya ce ya gaji da zama abin misali a duk inda ya je. Babu ko ɗaya a cikin masu lalura da ya ambaci lalurarsa. Da izininsu muka saka wasu daga cikin amsoshin a bakin tsuntsayen, ba tare da an san na wane ne ba.

Kwaruruka bakwai ɗin, wato nema, so, sani, wadatuwa, tauhidi, ɗimuwa, sai talauci da fana'i (gushewar ganin kai), ba mu yi ƙoƙarin bayyana su da dogon jawabi ba, don ko manyan malamai sun sha tawada a kansu. Kowane kwari mun ba shi motsi ɗaya da sauti ɗaya. A kwarin so mun yi hikayar faɗa-wuta da kyandir, inda na farko ya hango haske daga nesa, na biyu ya taɓa zafin ya dawo, na uku ya shiga bai dawo ba, aka ce shi kaɗai ya sani. Labarin Shehu San'an, wanda ya fi kowace hikaya tsawo a waƙar, mun cire shi ɗungurungum, don ya fi ƙarfin shekarunsu. Kayan ado kuwa kusan babu. A nan mun ɗauki darasi daga Peter Brook, daraktan nan ɗan Ingila da ya zagaya da 'yan wasansa Aljeriya da Nijar da Najeriya da Dahomey (Jamhuriyar Benin ta yau) da Mali daga ƙarshen 1972 zuwa 1973, suna shimfiɗa darduma a fili su yi wasa, kafin shi da marubuci Jean-Claude Carrière su kai wannan waƙa bikin wasan kwaikwayo na Abinyon a Faransa a 1979. Fili mara tarkace ya fi arha, kuma keke da sandar makauniya sun fi samun hanya a cikinsa.

Ƙarshen waƙar ne ya fi ba mu gardama. Dubban tsuntsaye suka tashi, 30 kacal suka isa, sauran sun halaka a hanya, wasu da ƙishirwa, wasu a teku, wasu sun shagala da abin kallo. To yaya shirin da ya ce kowa ya shigo zai yi wasan da yawancin matafiya ke faɗuwa? Kuma wa zai faɗi? In masu lalura ne kawai suka isa, mun yi wa'azin tausayi. In su ne suka faɗi, abin ya fi muni. Yaran suka kawo mafita: a jefa ƙuri'a kafin kowane nuni. Wanda ƙuri'a ta ce ya faɗi ba ya barin dandamali, sai ya ajiye fiffikensa ya zama iska ko dutse ko amshi a kwari na gaba. Hakan ya tilasta wa kowa ya koyi hanya biyu, aiki ya ninku, kuma ni da farko ban so ba saboda lokaci. Sun fi ni gaskiya a kan wasan, ni kuma na fi su gaskiya a kan lokacin, don da ƙyar muka kammala.

Simurg ba mu sa kowa ya fito a matsayinsa ba. A waƙar, waɗanda suka isa fada sun duba don ganin sarkin, wanda misali ne na Ubangiji, sai suka ga kansu kamar a madubi, mu ma madubi muka yi amfani da shi. Wani uba ya tare ni bayan gwaji ya ce, "Malama, ba dai kuna koya wa yara cewa su ne Ubangiji ba?" Tambaya ce mai kyau, kuma malamai sun daɗe suna saɓani a kan irin wannan harshe na sufaye. Na gaya masa yadda muka bayyana wa yaran: misali ne na mai neman da ya wanke zuciyarsa har ya daina ganin girman kansa, kuma bawa bawa ne, Mahalicci Mahalicci ne. Ya ce zai zo ya gani da idonsa. Ya zo, ya zauna a layin gaba, daga baya ya ce madubin bai dame shi ba, amma har yanzu yana ganin kwarin tauhidi ya fi ƙarfin a yi shi da motsin jiki. A zaman bitar da muka yi bayan an tashi, biyu daga cikin abokan aikina sun goyi bayansa, kuma mun rubuta cewa in za a maimaita wasan, wannan kwarin za a karanta baitocinsa ne kawai, da murya da hannu, kowa yana tsaye a inda yake.