Abin da ke shiga kwanon akun gidanmu

Kusan duk gidan da na shiga a Sakkwato na tarar da aku a keji, abu biyu nake gani a kwanonsa: gyaɗa da busasshiyar masara. Wani gidan a ƙara masa da sauran tuwon jiya. In ka yi magana sai mai gida ya ce ai su yake so, ko an ba shi wani abu watsarwa yake yi. Gaskiya ne yana so. Yaro ma da za a bar masa zaɓi, alewa zai sha safe da yamma.

Namu sunansa Dogari, saboda jar wutsiyarsa. Kawuna ne ya zo da shi daga Kudu tun yana fataucin shanu, bayan rasuwarsa tsuntsun ya dawo hannuna a Mabera. Har yau da muryar marigayin yake yin sallama, abin da ke sa Gwaggo hawaye duk ranar da ta zo. Irin wannan aku mai ruwan toka yana iya kai shekara 40 zuwa 60 a hannun mutum in ya samu kulawa, amma da wuya ka ji wanda ya kai rabin haka a nan garin. Ni dai a ganina abinci ne ke cinye su, a hankali, ba tare da kowa ya lura ba.

Ba tsuntsun sahel ba ne. Ɗan kurmi ne, daga dazuzzukan kudancin Najeriya, Kamaru, Gabon har Kwango. Can yana cin 'ya'yan itace iri-iri, da tsaba, da tohon ganye, kuma babu abin da yake ƙauna kamar jan naman kwakwar manja. Kafin ya cika ciki sai ya yi tafiya mai nisa a sama kowace rana. Mu kuwa mun sa shi a kejin da ko fiffike ba ya iya miƙewa sosai, mun ajiye masa gyaɗa, wadda kusan rabin nauyinta mai ne. Man nan ba inda za shi sai hanta da jijiyoyin jini. Tsuntsun zai yi ɓul-ɓul, mutane su ce yana jin daɗi, alhali hantarsa ce ke lalacewa.

Akwai kuma maganar fumfuna, wadda ta fi tayar mini da hankali. Gyaɗa da masarar da aka adana da sauran danshi suna yin wata fumfuna mai fitar da gubar da ake kira afalatoksin. An fara gano ta a shekarar 1960 a Ingila, lokacin da talo-talo sama da 100,000 suka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗar da aka kawo daga Burazil. Tsuntsaye ba sa jure ta, kuma suya ba ta kashe ta. Ɓawon gyaɗar ma yana ɗauke da ƙurar fumfunar, aku kuwa da baki yake ɓarewa, hancinsa na nan dab da wurin, sai ya shaƙa ta zauna masa a huhu. Ban hana Dogari gyaɗa ɗungurungum ba, don da ita nake lallashinsa in zan mayar da shi keji. Amma ɓararriya nake saye, in zauna in tsince duk wadda ta yamutse ko ta canza launi, kuma ba ya wuce ƙwaya uku ko huɗu a yini.

Abu na farko da gyaɗa da tsaba ba sa ba shi shi ne bitamin A. In ka ga aku yana yawan atishawa, ƙofar hancinsa na toshewa, gashinsa ya dushe, ko wani fari-fari ya fito masa a cikin baki, to sau da yawa daga nan ne. Mutane sukan ɗora laifin a kan ƙurar hunturu, ita ma tana da nata, amma ta tarar da jiki ba ƙarfi ne. Maganin kuwa yana nan zube a Kasuwar Daji, da arha. Duk abin da yake ja, ko ruwan ɗorawa, ko kore shar, shi ake nema. Da sanyi, lokacin da lambunan Kwalkwalawa ke kan ganiyarsu, karas ne da jan tattasai. Da bazara mangwaro da gwanda. Damina ta kawo zogale, alayyafo da ɗanyar masara, wadda yake riƙewa da ƙafa ɗaya yana gurgura har sai totuwa ta rage. Da kaka kabewa da kudaku, su kuma dafa su nake yi sama-sama. Ganye da kayan lambu ina wanke su sosai, don masu lambu ba sa wasa da feshi. In na samu kwakwar manja wurin masu kawo kayan miyar Kudu, ranar sallarsa ce. In babu, ɗigo biyu na manja mai kyau a kan dafaffen hatsi ya isa, ba kullum ba, don shi ma mai ne.

Tarugu ma yana ci, ɗanye, har 'ya'yan. Baƙi sukan zaro ido. Tsuntsaye ba sa jin zafin barkono yadda muke ji. Sai dai kada ka yarda ya taɓa maka leɓe da baki bayan ya gama.

Zafin garin nan ne ya tsara mana lokacin ci. Daga Maris zuwa Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40, yankakken mangwaro ba ya kai azahar bai fara tsami ba, ga ƙudaje. Don haka ina dawowa daga masallaci da asuba nake zuba masa kayan ɗanye, lokacin yana jin yunwa, ba ya tsaya yanga. Da hantsi maiɗakina ta kwashe abin da ya rage ta wanke kwanon. Da la'asar sai hatsi: dafaffen gero ko dawa, wani lokaci shinkafa 'yar gida, da ɗan wake da ya nuna luguf. Ana ɗebar nasa kafin a sa gishiri ko kanwa a tukunya. Ɗanyen wake kam a'a, yana da gubar da sai dahuwa ke kashewa. Sau ɗaya ko biyu a mako yana samun ɓarin dafaffen ƙwai. Ruwa ana canzawa safe da rana da yamma, don aku ƙazamin mai ci ne, sai ya tsoma abincinsa a ruwan sha ya mai da shi kunu.

Za ku ga masu kiwo na ƙasashen waje suna yaba jiƙa hatsi har ya yi tsiro kafin a ba tsuntsu. Yana da amfani, amma a zafinmu yana saurin yin yauƙi, kuma kada a kuskura a yi da dawa. Tsiron dawa yana da gubar sayanaid, ita ce dai wadda ke sa makiyaya korar shanu daga gyauron dawa.

Sai kalsiyam, wanda shi ne ciwon wannan jinsin musamman. Wata maƙwabciyarmu, dattijuwa, ta aiko a kira ni wata safiya. Akunta ya faɗo daga kan sandarsa yana karkarwa, ƙafafu sun ƙage. Na tarar har an kawo rubutu ana shirin ɗura masa.

"Ɗana, wanga baki na," in ji ta. "Jiya wasu mata sunka zo suna ta yaba maganatai."

Na ce, "Inna, Allah shi tsare. Mi kika ba shi ci?"

"Gujjiya mana, da hatsi. Mi aku ka ci in ba su ba?"

Kejin yana cikin falo, bayan taga mai gilashi, shekara da shekaru rana ba ta taɓa jikinsa ba. Muka kai shi wurin likitan dabbobi, aka yi masa allurar kalsiyam, kafin yamma ya miƙe. Likitan ya yi mana bayanin da ban manta ba: tsaba ba ta da kalsiyam na kirki, kuma ko an ba shi, jiki ba ya iya ɗauka sai da bitamin D, wanda hasken rana ke sa a samu, gilashi kuwa yana tare wannan ɓangaren na hasken. Abin dariya ne a ce a Sakkwato tsuntsu na fama da rashin rana, amma haka ne. Dogari yana fita tsakar gida da sanyin safiya, rabin kejin a rana rabi a inuwar darbejiya don ya zaɓa da kansa, ana kuma sa ido saboda kyanwa da shaho. Kafin rana ta yi zafi an shigo da shi. Ɓawon ƙwai kuma ina tafasa shi, in shanya, in daka ya yi laushi, in barbaɗa ɗan kaɗan a abincinsa. Zogale ma na taimakawa ta nan. Wanda nasa ya kai ga faɗuwa kada ya tsaya dabarun gida, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai kuma likitoci masu zaman kansu.

Wahalar da ta fi ta tsuntsun ita ce ta mutanen gida. Kowa na son ya ba aku abu don ya ji ya yi magana. Yara da biskit da cincin da cakulan. Tsofaffi da goro. Baffana in ya zo, yana zama sai ya ɓantari goro ya nufi keji, sai na tare shi da "Baffa, don Allah a yi mai haƙuri, likita ya hana." Goro, shayi, kofi da cakulan duk suna da sinadaran da ke bugar da zuciya, abin da babban mutum zai ci ya ji garau yana iya kashe halittar da nauyinta bai fi giram 400 zuwa 500 ba. Fiya guba ce gare shi kai tsaye. Albasa da tafarnuwa, da muke tinƙaho da su a ƙasar nan, suna fasa masa ƙwayoyin jini, shi ya sa ba na yarda a ba shi abin da ya taɓa miya, ga gishiri ga magi. Fura da nono ma ba nasa ba ne, cikin tsuntsu ba ya narkar da madara. Dabino yana so ƙwarai, da azumi yakan samu ɓari ɗaya, don zaƙinsa ya yi yawa.

Likitocin tsuntsaye a Turai da Amurka sun fi son a dogara da wani haɗaɗɗen abinci mai kamar ƙwayoyi da ake yi musamman don aku. Nan ba a samunsa sai an yi saƙo daga Legas ko Abuja, da tsada. Wanda ke da hali ya saya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a maye gurbinsa da abincin kajin gidan gona, wanda aka auna don kazar da za a yanka cikin 'yan makonni ko mai yin ƙwai kullum, wani ma da magani a ciki.

Akun da ya saba da gyaɗa ba ya sauka daga kanta rana ɗaya, kuma in aka ce za a horar da shi da yunwa yana iya ƙin ci har ya galabaita. Ragewa ake yi kaɗan-kaɗan, ana cuɗa sabon da tsohon. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in zauna gabansa in ci abin da kaina, ina nuna daɗi, in ƙi ba shi. Kishi ne da shi, nan da nan zai miƙo wuya. Karas in an yanka ƙanana ya ƙi, a ba shi guda ya riƙe da ƙafa, ko a rataye zogale da reshensa a jikin keji ya yi ta yagar abinsa. Rabi zai ƙare a ƙasa, kaji su samu. A wannan lokacin ina ɗora shi a ƙaramin sikelin kicin da safe, don tsuntsu gwanin ɓoye ciwo ne, gashi na rufe rama. In nauyi ya ragu da kashi 10 cikin 100, ko kashinsa ya ƙanƙance ya yi duhu, to ba ya ci, a koma baya a sake lale.

Masu tsirya da ƙananan nan masu launi da asalinsu daga Ostireliya ne, su nasu da sauƙi, don tun asali masu cin tsaba ne, gero ya karɓe su. Amma gero zalla yana jawo wa ƙananan maƙoƙo, don haka su ma a rataya musu ganye, a ba su ƙwai jefi-jefi.

Ana yawan tambayata inda za a samu irin Dogari a saya. Ba na nuna wa kowa. Tun taron da aka yi a Johannasbag ta Afirka ta Kudu a 2016 aka sa wannan aku cikin jerin halittun da yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wato CITES, ta hana cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda sun kusa ƙarewa a wurare da yawa, kuma da dama daga cikin waɗanda ake kamowa a hanya suke mutuwa kafin su iso kasuwa. Wanda ya riga ya gaji nasa kamar ni, ya riƙe shi da kyau, ya kuma fara tunanin wanda zai bar wa, don mai yiwuwa ne tsuntsun ya riga shi ganin jikokin jikoki. Ni na fara koya wa 'yata ta biyu tsintar gyaɗa da dakan ɓawon ƙwai, ita kaɗai ce ba ya cizo.