"Seem": yadda ake cewa "da alama" da Turanci

A kasuwar waya ta Farm Centre, mai saye zai karɓi wayar da aka taɓa riƙewa, ya jujjuya ta, ya danna nan ya danna can, sannan ya ce, "Kamar dai lafiyarta ƙalau." Bai rantse ba, ya bar wa kansa ƙofa. Wannan "kamar dai" ita ce aikin seem a Turanci: The phone seems fine.

Inda ake tuntuɓe shi ne, a Hausa "kamar" da "da alama" ba aikatau ba ne, ba sa canja kama. Seem kuwa aikatau ce cikakkiya. Tana ɗaukar s idan mutum ɗaya ko abu ɗaya ake magana a kansa, tana komawa seemed idan abin ya wuce. Shi ya sa He seem tired ta cika takardun ɗalibai masu rubuta WAEC da NECO, kuma mai duba takarda ba ya ɗaga ƙafa a kan wannan harafi guda. He seems tired ake cewa.

Abin da ke biye mata kai tsaye sifa ce, ba bayanau ba. She seems angry daidai ne, she seems angrily ɓata ne, domin halinta ake siffantawa, ba yadda take wani aiki ba. Idan suna ne zai biyo, a saka to be ko like a tsakani: He seems to be the owner, ga alama shi ne mai shagon. Idan kuma abin ya riga ya faru, sai yanzu ake ganin alamarsa, to have ke shigowa: They seem to have left. Ka iso layin Kantin Kwari ka tarar da kwaɗo a ƙofa, kujerar roba a kife, wannan jimlar ce taka.

Ba a cewa he is seeming. Kalmar yanayi take nunawa, irin su know da believe, ba ta son ing. Haka nan it seems me, wadda ake ji sosai, ta yar da to a hanya: it seems to me that, wato "a ganina". Wajen korewa kuma, he doesn't seem to understand ta fi sauƙi a baki kan he seems not to understand, ko da yake duka biyun sun halatta.

Wurin da ya fi daɗin sha'ani shi ne bambancinta da 'yan uwanta. Look ido ne zalla. Ka ga shadda tana sheƙi, it looks expensive. Sound kunne ne: ka ji muryar mutum a waya ta dushe, you sound ill. Seem ba ta da gaɓa ɗaya, hukunci ce da ka yanke bayan ka haɗa alamu. Wanda bai ɗaga waya ba kwana uku, bai amsa saƙo ba, ba za ka ce he looks busy ba tunda ba ka gan shi ba, he seems busy za ka ce. Appear ma'anarsu ɗaya a nan, sai dai ta fi zama a takardar ofis da rahoto, kuma tana da wata ma'ana ta "bayyana", kamar fitowar jinjirin wata, wadda seem ba ta da ita.

Tana kuma sassauta magana. Ma'aikacin banki da ya ce there seems to be a problem with your account sau da yawa ya san tabbas akwai matsalar, ladabi ne kawai. A wasiƙar koke, there seems to be a mistake ta fi you made a mistake saurin buɗe ƙofa. Amma kada a kai ta inda ake neman tabbas, irin shaida ko rasit.

Furuci: a ja wasalin, "siim". Idan ka gajarce shi ya zama "sim", layin waya ka ambata. Akwai kuma seam, layin ɗinki a jikin riga, furucinsu ɗaya sak, rubutu ne kawai ya raba su.