Faifai ɗaya tal da Scum suka bari

Daren jiya, bayan gida ya yi tsit, na sanya abin sauraro a kunne na sake bin faifan Gospels for the Sick tun daga farko har ƙarshe, kuma har yanzu ƙarar gangunan ba ta bar kaina ba. Ƙungiyar Scum ce ta fitar da shi a 2005, kuma shi kaɗai ta bari kafin kowa ya kama gabansa.

Abin da ya ja ni gare su shi ne haɗuwar mutanen da ba a saba ganinsu a inuwa ɗaya ba. Casey Chaos, mawaƙin ƙungiyar Amen daga Amurka, ya zo da zafin kiɗan hardcore punk, inda ake furzar da magana cikin fushi ba tare da kwalliya ba. Samoth mai kaɗa jita da Faust mai buga ganga na ƙungiyar Emperor, 'yan ƙasar Norway, suka zo da salon kiɗan black metal, mai sautin jita kamar iskar hunturu da ganga mai gudun tsiya. Happy-Tom na ƙungiyar Turbonegro ya riƙe jitar bes, Cosmocrator kuma ya ƙara jita ta biyu.

Ba zan ɓoye ba, saurarensu yana yi mini nauyi a zuciya, domin Faust ya yi zaman kurkuku saboda kisan da ya aikata a garin Lillehammer na Norway a 1992, kuma ban iya mantawa da hakan ko da ina yaba gwanintarsa. Duk da haka, na yi ta tunanin waɗanda suka gan su a bikin kiɗa na Øya da ake yi a birnin Oslo a 2005, ina jin da ma ina cikinsu.